Ruwa ne ke zaɓa wa masunci jirgi

Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife da mutane a Kebbi ko Neja ko Kwara, magana guda ce ke fara fitowa daga bakin mahukunta, wato a rabu da jiragen katako a koma na faiba. Mun ji ta bayan abin da ya faru kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayun 2021. Mun sake jin ta a watan Yunin 2023, lokacin da sama da mutum 100 suka rasu a yankin Fategi suna dawowa daga biki. Tun da aka kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023 kuwa, kiran sai ƙara ƙarfi yake yi. Ba ni da ja a kan jiragen fasinja, domin duk wanda ke ɗaukar rayuka ɗari a lokaci guda ya cancanci a tsaurara masa. Abin da ke damuna shi ne yadda maganar ta fara haɗiye kwale-kwalen masunci, har wasu suka ɗauka duk jirgin da aka yi da itace kayan jiya ne, wayewa kuwa sai faiba da babban inji.

Wannan tunani ba a ofis kaɗai ya tsaya ba, ya shiga aljihun talaka. Akwai ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama ya ce bari ya saya wa ƙanensa jirgi su riƙa raba riba. Akwai matashin da ya gama makaranta ya nemi aiki ya gaji, ya koma gida Yawuri ko Nguru da niyyar ɗaukar sana'ar kakanninsa. Ga waɗannan mutane jirgi da inji su ne jari mafi tsada da za su taɓa zubawa a ruwa, kuma kuskure a wajen sayensu ba ya gyaruwa da sauƙi. Wanda ya sayi raga mara kyau zai sake wata bayan 'yan makonni. Wanda ya sayi jirgin da bai dace da ruwansa ba zai yi shekaru yana biyan bashin abin da ba ya ciyar da shi, in ma bai rasa ransa a ciki ba. Shi ya sa nake ganin akwai tambayoyi huɗu da ya kamata mai saye ya amsa, kuma a jere: wane ruwa, wane kayan su, wane aljihu ne zai riƙe jirgin, sannan me zai faru ranar da ya cika da ruwa. Yawancin masu asara daga tsakiya suke farawa, su tambayi kuɗin inji tun ba su tambayi ruwa ba.

Kafin mu shiga cikin tambayoyin, yana da kyau mu tuna cewa mu ba baƙi ba ne a wannan ilimi. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani itace a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon sama da mita 8, faɗinsa kusan rabin mita, an fafe shi daga gungume guda, goshinsa da bayansa a fiƙe tsaf. Gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Wanda ya sassaƙa shi ya san cewa dogon jirgi siriri shi ke tafiya da sauƙi a hannun mai filafili. Sarkawa da Kabawa da sauran masuntan da suka gaji ruwa tun kaka da kakanni sun ɗora a kan irin wannan sani, kowace al'umma ta fito da siffar jirgin da ruwanta ya yarda da shi.

Tambaya ta farko ke nan, wane ruwa? Mu fara da ruwa mara zurfi. A dausayin Haɗeja da Nguru, inda madatsun Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992 suka sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Masunci a can yana bukatar ƙaramin jirgi mara nauyi mai shafaffen ƙasa, wanda zai bi ruwan da bai kai gwiwa ba, a tura shi da gwangwala, in hanya ta toshe mutum biyu su ja shi su tsallake. Sa wa irin wannan jirgi inji ɓarnar kuɗi ce, domin farfela za ta riƙa naɗe ciyawa, mashigar ruwan da ke sanyaya injin kuma ta toshe da laka. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934 har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, dubban masunta ne ke faɗawa Matan Fada da gora da homa kawai. Gorar ita ce abin hawa, ita ce kuma ma'ajiyar kifi. A Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin fari ya tsotse mafi yawansa, Buduma sun daɗe suna ɗaure ciyawar ruwa su yi jirgi da ita. Duk waɗannan amsoshi ne ga ruwan da ba shi da zurfi.

Tafkin Kainji wata duniya ce dabam. Da aka kammala madatsar a 1968, ruwa ya mamaye fili mai tsawon kusan kilomita 136, faɗinsa a tsakiya ya kai kilomita 24, ya haɗiye tsohuwar Busa, aka tashi sama da mutum 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Masuntan da suka saba da kogi sai suka wayi gari a gaban ruwan da ba a hango gaɓarsa. A irin wannan fili iska tana samun wurin gudu, don haka hadarin farkon damina yakan tayar da igiyar ruwa cikin 'yan mintoci. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya rufe. Ruwan tafkin yana hawa da sauka kusan mita 10 tsakanin cikarsa da janyewarsa, saboda haka hanyar da aka bi lafiya a watan Janairu tana iya zama tarko a watan Yuni. Wanda zai yi su a tsakiyar wannan tafki yana bukatar jirgi mai tsawo, mai dogayen gefuna, mai ɗagaggen goshi da zai hau igiya maimakon ya soke ta, mai kaurin katako da zai jure karo. Ƙaramin jirgin dausayi in ya shigo nan, igiya biyu ta ishe shi.

Kogi mai gudu, kamar Neja a sama da Yawuri har zuwa Gaya a Jamhuriyar Nijar, ko Binuwai kafin ya iso Lakwaja, nasa sharaɗin dabam ne. A nan abokin gaba shi ne ƙarfin ruwa da tudun yashi mai sauya wuri kowace shekara, wani wuri kuma har da dorina. Jirgi mai faɗi da yawa zai gajiyar da mai tuƙi in ya juyo yana hawan ruwa, shi ya sa masuntan kogi suka fi son siriri mai tsawo. Su kuwa ƙananan madatsun ruwa da suka cika jihohin Kano da Katsina da Jigawa, inda masunci ke hango gaɓa ta kowane ɓangare, ƙaramin jirgin katako na mutum biyu da filafili ya wadatar. Wanda ya ɗauko jirgin Kainji ya kawo nan ya sayi abin da ba zai taɓa cin moriyarsa ba.

Dalilin wannan bambanci yana cikin siffar ƙasan jirgi. Mai shafaffen ƙasa yana zama daram a ruwan da ke kwance, mutum zai iya miƙewa tsaye a cikinsa, kuma ba ya nutsewa da zurfi. Aibinsa shi ne in igiya ta taso yakan riƙa dukan ruwa, in kuma ya karkata ya wuce wani mizani sai ya kife farat ɗaya ba gargaɗi. Mai kumburarren ƙasa, irin wanda aka fafe daga gungume, yana rawa da zarar an taka shi, har baƙo ya tsorata, amma yana keta ruwa da sauƙi kuma yana bin igiya a hankali. Faɗi yana ba da natsuwa ya rage gudu, tsawo yana ba da gudu ya sa juyawa ta yi wuya. Babu siffar da ta haɗa komai. Duk mai sayarwar da ya ce maka jirginsa ya dace da kowane ruwa, kasuwarsa yake ci.

Tambaya ta biyu ita ce wane kayan su za a yi aiki da shi. Mai jefa birgi a tsaye yake aiki a goshin jirgi, yana murɗa jiki ya wurga raga mai nauyin dalma, don haka yana son wurin tsayawa mai faɗi da abokin tuƙi a baya da zai riƙe masa jirgin. Mai kalli, wanda ke shimfiɗa raga da yamma ya ɗebe da asuba, yana jan ta ne ta gefe guda, saboda haka yana bukatar jirgin da ba zai sha ruwa ba in nauyi ya koma ɓangare ɗaya, da gefe mai santsi wanda ƙusa ba ta leƙo ba balle ta yage masa raga. Mai mamari da ƙugiyoyi ɗaruruwa ƙaramin jirgi mai saurin juyawa ya fi masa. Mai gura kayansa ba su da nauyi amma suna cin wuri, don haka fili yake nema. Taru kuwa aikin taro ne, sai babban jirgi mai ɗaukar mutane da tulin raga. Saboda haka wanda bai yanke shawarar irin sun da zai yi ba, bai isa zuwa wurin masassaƙi ba tukuna.

A nan ne ya kamata a yi ɗan lissafi, domin ruwa ba ya karɓar uzuri. Jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa da na abin da ke cikinsa, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgi mai shafaffen ƙasa, mai tsawon mita 6 da faɗin mita 1, duk kilo 50 da aka ɗora masa zai ƙara nutsewa kusan santimita 1. A tara nauyin mutum biyu, da jiƙaƙƙiyar raga wadda ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba, da inji da jarkar mai, da kifin ranar sa'a, da ruwan da ke taruwa a ƙasa. Abin da ya rage tsakanin fuskar ruwa da leɓen jirgi shi ne ran masunci. Don haka ba a gwada jirgi fanko a bakin kwata da safe ruwa na kwance. A loda masa nauyin da zai ɗauka a ranar da ta fi kowace kamu, a fita da shi da la'asar lokacin da iska ta motsa, sannan a duba. Shawarata ita ce, a babban tafki in abin da ya rage bai wuce taƙi guda ba, jirgin ya yi ƙanƙanta, komai arahar sa.

Sai maganar abin da aka yi jirgin da shi, wadda ita ce ake ta jayayya a kai. Jirgin gungume guda ba shi da mahaɗa balle ya yi yoyo, yana jure karo, kuma in itacen ƙwarai ne yakan daɗe ƙwarai. Matsalarsa ita ce itacen. Maɗaci da kawo da maje masu kaurin da za a fafe jirgi a cikinsu sun yi wuya a dazuzzukanmu. An sa madobiya cikin jerin itatuwan da duniya ke sa ido kan fitar da su ƙetare a 2016, maɗaci da kawo suka bi sahu a 2022, abin da ke nuna irin saran da aka yi musu. Rimi yana da girma da sauƙin sassaƙa kuma ba shi da nauyi, sai dai ruɓa ba ta yi masa wuya. Fafe gungume kuma yana zubar da mafi yawan itacen a matsayin ɓawo da tarkace, alhali in an tsaga shi katako zai fitar da abin da ya fi haka amfani. Wannan ne ya sa jirgin katako ya mamaye yawancin ruwayenmu.

Jirgin katako kuwa, kyansa da muninsa duk a hannun kafinta suke. Mai saye ya je tun ana aiki, kada ya jira a shafa kwalta da fenti, domin fenti mayafin aibi ne. Ya tabbatar katakon ya bushe, saboda ɗanye yana tsukewa bayan 'yan watanni mahaɗai su buɗe. Ya duba ko jan tsakiyar itace ne ko farin gefe, domin farin shi ƙwari da ruɓa ke fara ci. Ya ƙirga haƙarƙarin jirgin ya ga tazarar da ke tsakaninsu, don nan ne mai son rage kuɗi ke yin ƙwange. Ya tambayi irin ƙusar, domin ƙusar gini tana tsatsa ta ci katakon da ke kewaye da ita, sai ka ga allo ya ɓalle ana tsakiyar ruwa. In kuma tsohon jirgi ne, a kife shi a bi ƙasansa da tsinin wuƙa, duk inda ta shige ba gardama to ruɓa ce. A bar shi ya kwana a ruwa, da safe a ga abin da ya sha. Ɗan yoyo ba abin tsoro ba ne, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma jirgin da sai an ajiye yaro yana kwarfe shi ba hutawa ya gama aikinsa.

Faiba tana da nata alheri, kuma ba zan rage mata ba. Ba ta ruɓa, ba ta shan ruwa ta yi nauyi, tana da sauƙin wankewa, abin da ke taimakon tsabtar kifi. Amma akwai abubuwa biyu da masu tallarta ba su cika faɗa ba. Na farko, in kututture ya fasa ta, gyaranta sai da ƙaro na musamman da zaren gilashi da wanda ya iya, kuma ba kowace kwata ke da su ba, alhali jirgin katako kowane ƙauyen masunta akwai mai toshe shi da tsumma da kwalta kafin azahar. Na biyu, faiba ta fi ruwa nauyi. Jirgin faiba da ba a gina masa rufaffun aljihunan iska ko soso a ciki ba, in ya cika da ruwa ƙasa zai tafi kai tsaye. Na katako kuwa sau da yawa yakan tsaya a fuskar ruwa ko da ya cika, mutane su riƙe shi har taimako ya zo. Na alminiyam ba shi da nauyi kuma ba ya tsatsa, sai dai yana zafi a rana, yana ƙara mai korar kifi, waldarsa kuma sai birni. Na sha ganin jiragen tallafi a kife a kan tudu, awaki na hutawa a inuwarsu, saboda ƙaramar ɓula ko wani ɗan ƙarfe na inji da aka rasa.

Tambaya ta uku, wane aljihu ne zai riƙe jirgin, kusan duk a kan inji take. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000. Injin jirgi irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mai ƙarfin doki 15, yana shan kusan lita 7 a awa in an buɗe masa wuta duka. Mai doki 40 yana shan kusan lita 20. Mu ƙaddara lita Naira 1,000 ce, kuma tafiya da dawowa awa biyu ce. Na farko ya ƙone Naira 14,000, na biyu Naira 40,000. Bambancin Naira 26,000 ke nan a rana, a kwana 20 na aiki ya zama Naira 520,000, kuma tarwaɗa ko ɗaya babban injin bai ƙara wa raga ba. Ga shi jirgi mai nauyi yana da iyakar gudu gwargwadon tsawonsa. Na mita 8 da kaya a ciki, in ya kai wajen kilomita 12 ko 13 a awa, ƙarin wuta sai dai ya sa bayansa ya nutse, goshi ya ɗaga, mai ya ƙone a banza. Babban inji kuma ya haura kilo 70, ƙaramin bai wuce kusan kilo 40 ba, kuma duk a bayan jirgi nauyin yake taruwa.

Wannan ba ya nufin inji ba shi da rana. Kifin da ya mutu a kalli tun tsakar dare, in rana ta buɗe a kansa, kafin a yi tuƙin awa uku ya fara sauya wari, sai dai a kai shi banda a sayar da araha. Wanda wurin sunsa ke da nisa, ko wanda hadari kan tarar a tsakiyar tafki, inji ceto ne a gare shi. Amma ya sayi daidai bukata. Ya zaɓi irin wanda makanikin kwatarsu ya sani kuma kayan gyaransa ke kasuwar kusa. Abin da ya sa Yamaha ta cika ruwayenmu ke nan, ko'ina akwai mai kwance ta ya ɗaura. Ya auna tsayin allon bayan jirgi kafin ya saya, domin akwai inji mai gajeriyar ƙafa akwai mai doguwa, in aka saɓa farfela za ta riƙa kama iska ko ta riƙa dukan ƙasa. Ya kiyaye ma'aunin baƙin mai yadda takardar injin ta faɗa. Masunta huɗu ko biyar kuma suna iya haɗa kuɗi su sayi inji guda, jirgi ɗaya ya ja sauran zuwa wurin su, kowa ya saki igiya ya kama filafilinsa, da hantsi a sake haɗuwa a dawo tare.

Akwai kuma tarkon bashi, wanda ya fi kututture haɗari don shi ba a ganinsa ko da rani. Dillalin kifi yakan saya wa masunci jirgi da inji bisa sharaɗin ba zai sayar wa kowa kamunsa ba sai shi, kuma shi ke yanka farashi. Wani lokaci wannan hanya ce kaɗai ta samun jari, ba na zargin kowa a kai. Amma gwargwadon girman jirgi gwargwadon tsawon igiyar da ke wuyan mai shi. Na fi ganin hikimar wanda ya fara da ƙaramin jirgin da ya biya da kuɗinsa, ya bar wani kaso na jarin don raga da gyara da cefanen kwanakin da ruwa ya hana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jirgi mai sheƙi da tsohuwar raga mai ɓula ba ya kawo karfasa gida.

Tambaya ta huɗu mutane ba sa son jin ta, wato me zai faru ranar da jirgin ya cika da ruwa. Masunci yakan ce ya iya ruwa, kuma gaskiya ne, amma iya ruwa fid da kai ne a kusa da gaɓa. A tsakiyar Kainji da dare, ga igiya, ga raga ta naɗe ƙafa, gwanin iyo ma gajiya yake yi. Jarka mai lita 25 da babu komai a ciki, in an toshe bakinta da kyau, tana iya ɗaga nauyin sama da kilo 20 a ruwa. Guda huɗu a ɗaure tamau a ƙarƙashin mazaunai za su taimaka wa jirgi ya tsaya a sama ko da inji a bayansa, kuma kuɗinsu bai kai na man yini ɗaya ba. Rigar ruwa ta fi jarka ta fuska guda, ita ba ta bukatar a riƙe ta, don haka ko hannu ya mutu tana nan. A haɗa da ƙoƙon kwarfe ruwa a ɗaure da igiya, da filafili na biyu ko da akwai inji, da tocila, da waya a cikin leda. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana jiragen fasinja tafiyar dare, amma masunci da duhu yake fita, don haka kariyarsa tana cikin jirginsa.

Daga nan sai in juya ga masu rabon tallafi, gwamnati ce ko 'yan siyasa ko ƙungiyoyi. Kafin a ba da kwangilar jirage ɗari iri ɗaya, a zauna da sarakunan ruwa na kowane yanki a tambaye su tambayoyin nan huɗu. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa, da kwalejin koyar da fasahar kamun kifi a garin, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin wannan tafki da jiragensa. Kuɗin jirgin faiba guda zai horar da kafintoci da dama yadda za su busar da katako, su yi aiki da ƙusar da ba ta tsatsa, su gina wurin iska a cikin jirgi. In kuma faibar za a raba, a haɗa ta da mai gyara da kayan gyara a kwata. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, mai hedikwata a Minna, ta mai da cire kututturai da sa alamar hanya aikin kowace shekara lokacin da ruwa ya ja. A kuma dasa maɗaci da kawo a gaɓar ruwa, domin jikokin masuntan yau ma za su nemi katako.

Ga mai niyyar saye kuwa, abin da zan ce ya yi kafin ya ƙirga ko sisi shi ne ya je kwatar da zai yi aiki, ya zauna tun asuba ya ga jiragen da ke dawowa. Ya lura da irin wanda ya fi yawa, ya tambayi tsofaffi dalilin tsawonsa da faɗinsa, ya tambayi wane iri ne ya taɓa kifewa a nan kuma a wane wata. In ya ga siffa guda ta rinjaya a wuri, to ruwan wurin ne ya tace ta shekara da shekaru, da asarar dukiya da ta rayuka. Yana iya gyara ta, ya sa mata ƙusa mai kyau da jarkoki da ƙaramin inji, amma kada ya raina ta don ba ta da sheƙi. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba maganar girman idon raga, da yadda kama 'ya'yan kifi ke cinye kamun baɗi tun bana.